Ƙafa Ta Uku

Yanzu duk motocin da ke bi ta Boɗinga muryarsu ɗaya ce. Nakan zauna da hantsi a ƙofar gida in rufe ido, in ce bari in gwada kunnena ko da saura, sai in ji wannan ta wuce fuu, waccan ta wuce fuu, ban san ta wane ce ta shigo ba, ban san ta wane ce ta fita ba. Ga kekunan haya masu taya uku suna ta ɓaɓatu kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. A ƙuruciyarmu motocin garin nan ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma kowace da muryarta, mace tana cikin ɗaki tana tankaɗe za ta gaya maka wadda ta tsaya a bakin kasuwa. Kwanan baya autana ya zo da wata mota da ya saya, ya buɗe mini ƙofa ya ce in zauna in gani. Na duba ƙasa na ga abin takawa biyu, totur da burki. Ya shiga yi mini bayani, wai yanzu an ci gaba, giya da kanta take shiga, ba ruwan direba da kuloci, ko gurgu ya iya tuƙa ta. Na ce masa Allah ya sa alheri, na fito. Yaron bai san tun ubansa bai ajiye gemu ba akwai irinta a garin nan ba, kuma bai san abin da uban nasa ya aikata a kanta ba.

Motar ta wani Alhaji ce mai fataucin albasa, ba zan kira sunansa ba, jikokinsa suna nan muna gaisawa. Baƙa ce, doguwa, mai faɗin ƙirji, in ta shiga lungu sai mai jaki ya koma da baya. Yara suka sa mata Hajiya Babba, domin ba ta sauri, ba ta juyawa sai an ba ta fili, ga ci. Injinta mai fulogi takwas ne, fetur take sha kamar ba a saye. Ba ta ihu irin na motocin haya. Wani gurnani take yi can ƙasa, wanda kafin kunnenka ya ji ƙirjinka ya riga ya ji. Kuma ƙafa biyu gare ta, haka muke cewa, wato totur da burki kawai, giyarta ita ke canza kanta. A duk ƙasar nan, daga Sakkwato har ka wuce Shagari, biyu ne na san irinta.

Direbanta kawuna ne, wan mahaifiyata, mutumin Horo Birni. Ya yi tuƙin manyan motoci a kudu tun yana saurayi, ya dawo da furfura da baƙar zuciya. Hannunsa aka sa ni in koyi mota. Aikina tun sanyin safiya in ɗebo ruwa garwa huɗu a rijiya, in wanke ta, in goge ƙarafunan gabanta da toka da lemon tsami har in ga haƙorana a ciki, in duba ruwan lagireto, in tsaya. Sai ya zo ya tayar da ita, ya ɗora kofin ruwa cike a kan bonet. In ruwan ya yi rawa, ranar ba mai shan fura cikin daɗi. Yana da wata sanda ta geza, yakan aza kanta ɗaya a jikin inji, ɗayan a kunnensa, ya lumshe ido. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza tsakanin yatsu ya shinshina, ya je baya ya tara tafin hannu a bakin salansa. Yau makanikai na'ura suke jona wa mota ta gaya musu ciwonta, su karanta a allo suna cin gyaɗa. Shi Kawu cewa yake wanda bai iya jin inji ba bai isa ya riƙe sitiyari ba, kuma mota mai nauyi ba gudu take so ba, ja take so.

Ya iya mota, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Amma bai iya mutum ba. Shekara bakwai ina ƙarƙashinsa. Na yi lasin, na yi aure, tsarana suna jan bas zuwa Sakkwato ana kiran su direba, ni kuwa iyakar tuƙina in fitar da Hajiya Babba daga rumfa zuwa inuwar darbejiya, taku ashirin. A gaban mutane Mai-soso yake kira na, har sunan ya bi ni kasuwa, har matata ta ji shi a bakin mata a gidan biki. In na tambaye shi yaushe zan hau titi, sai ya ce in kunnena ya nuna. Ranar sunan ɗana na fari na roƙe shi, Alhaji ma ya yarda, in je Shagari da kaina in ɗauko surukaina. Ya dube ni cikin sabuwar rigata, maza cike da ƙofar gida, ya ce taya ta baya ta taka kashin shanu, in fara da wannan. Na durƙusa na wanke, ana dariya ƙasa-ƙasa. Shi ya je ya ɗauko su, ni ina gefe ina buɗe ƙofa. Tun daga ranar na tsane shi, ba zan ɓoye ba, kuma kullum da safe nakan durƙusa in gaishe shi.

Akwai abu ɗaya da ni kaɗai na sani. Ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa. Wani zazzaɓi ya yi a wata damina, ya tashi, ƙafar ba ta tashi duka ba. Yana tsayawa a kanta, yana tafiya da ɗan ja, wanda ya tambaya a ce masa sanyi ne. Amma ƙarfi babu. Ko ƙwai ka ajiye masa a ƙasa ka ce ya fasa da ita sai ya yi da gaske. Kowace safiya kafin kowa ya fito nakan shiga ɗakinsa in murza masa ita da man shanu da citta, daga gwiwa zuwa yatsu, ba ya ce mini sannu, ba na ce masa yaya jiki. Shi ke riga kowa shiga mota, shi ne na ƙarshen fita, ya dafa ƙofa kamar mai duban taya. Babbar riga ta rufe sauran. Hajiya Babba kuwa ba ta neman komai wurin ƙafar hagu, sai ta kwanta abinta a gefe tun daga Boɗinga har inda za a je. Yaran yanzu ko ƙurji ya fito musu sai sun ɗauki hoto sun nuna wa duniya, muna yi musu faɗa muna cewa ba su da kunya. Wani lokaci nakan ce ko su ne da gaskiya. A zamaninmu namiji ya gwammace ya faɗi ƙasa da ya buɗe baki a zaure ya ce ga inda ya gaza, ballantana irin Kawu, wanda ba shi da gona mai kirki, ba shi da sarauta, ba shi da komai a duniya sai kujerar nan da sunan Direba.

Bayan an gama kwasar albasa wata shekara, muna dawowa daga Shagari da rana tsaka, injin ya buga. Wata ƙara ya yi sau ɗaya kamar an sara ƙarfe da gatari, sai shiru, muka gangara gefen titi. Wata babbar mota ta jawo mu da igiya har gida, yara na biye suna waƙa wai Hajiya Babba ta riga mu gidan gaskiya. Bakanike ya buɗe ya ce ba gyara, ƙarfe ya huda cikin injin ya fito ta gefe, sai dai a sa wani.

Aka zauna shawara a zauren Alhaji bayan la'asar, shi a kan shimfiɗar kilishi, Kawu da bakanike a tabarma, ni a bakin ƙofa wurin takalma. Bakanike ya ce inji biyu ya sani. Akwai na ƙaramar bas mai fulogi huɗu, sabo-sabo, ba ya shan mai. Kawu bai bari ya dire ba ya ce ba a ɗaura wa akuya garma. Ya ce ƙaramin inji zai ja ta a kan kwalta yana kururuwa, amma ranar da aka cika ta da mutane aka shiga rairayi zai tafasa ya mutu, kuma kowa ya ga gaskiyarsa. Na biyun na gas ne, mai silinda shida, an cire shi daga wata a-kori-kura da ta faɗi. Wannan yana da ja, ba ya jin nauyi, man gas ya fi sauƙin samu, kayan gyaransa ko a Boɗinga akwai. Sai dai akwatin giyar Hajiya Babba ba zai kama da shi ba, dole a sa shi da nasa akwatin, a huda ƙasan motar a fito da sandar giya, a dasa kuloci, ƙafa ta uku ke nan, wadda ake takawa da hagu. Alhaji ya gyara zama, domin ya daɗe yana ƙorafin yadda motar ke shan fetur.

Na dubi Kawu. Ya ce injin gas yana da hayaniya da wari, bai dace da mutum kamar Alhaji ba. Ya ce akwai 'yar'uwar motar nan a Shagari, ta wani attajiri da ya rasu, babbar mota ta murƙushe mata baya tun tana sabuwa, magada sun yar da ita a gindin ɗorawa. Injinta da akwatin giyarta lafiya lau ya san su, in aka ɗauko, ƙusa da ƙusa za su zauna, ba yanka ba walda. Alhaji ya ce to a je a ji shi, in yana da rai a ɗauko, in ba shi da rai a sa na gas a huta.

A makon nan ƙafar ta matsa masa. Zuwa Shagari ba Hajiya Babba yana nufin hawa bayan motar kasuwa, a kama ƙarfe a ɗaga ƙafa a gaban jama'a, abin da ba zai iya ba. Da safe ina murza masa ƙafar sai ya miƙo mini sandar gezar nan, wadda ko taɓa ta ban taɓa yi ba.

Ya ce, "Kai na kunnena yau. Ka aza sanda, ka murza mai, ka tara hannu. Abin da kaj ji shi za ka hwaɗi."

A shekara bakwai wannan ne karo na farko da ya ba ni amana, kuma ita ce na ci.

Na isa Shagari da batir a kai da galan na fetur a hannu. Motar tana nan inda ya ce, kaji sun mai da kujerar baya akurki, bayanta a lotse, gabanta kuwa ko ƙwarzane babu. Wani dattijo mai gadin gidan ya ba ni makulli ya koma inuwa. Na kwance fulogan na goge, na hure ƙura, na ɗiga fetur a kafireto, na murza. Sau biyu ta yi tari, na uku ta kama. Wallahi har yau in na tuna muryar injin nan sai tsigar jikina ta tashi. Ya fi namu na da lafiya nesa ba kusa ba. Na aza sanda ban ji komai ba sai numfashi mai daidai. Na murza mai, baƙi ne mai santsi, ba ƙasa ba ruwa. Na tara hannu a salansa, ya fito a bushe. Har kofin ruwa na roƙa wurin dattijon na ɗora, ruwan ya tsaya cik. A ranar na san kunnena ya nuna, domin ba abin da ya ɓoye mini a cikin injin nan.

Mutane in sun tsufa sukan ce Shaiɗan ne ya rinjaye su. Ni ba zan ɗora wa Shaiɗan kayan da ba nasa ba. A bayan motar kasuwa na zauna tsakanin buhunan gero, tun daga Shagari har Boɗinga ina auna abin a hankali, kamar mai zaɓen ƙwarya. In aka sa wannan injin, Kawu zai tuƙa motar har ya mutu a kan sitiyari, ni kuma in tsufa da soso a hannu. In aka sa na gas, ƙafa ta uku za ta yi mini aikin da bakina ba zai iya ba. Ba sai na tona asirinsa ba, ba wanda zai ce ɗan ƙanwarsa ya ci amanarsa. Kuma na san shi sarai, na san ba zai faɗa ba.

A zaure na durƙusa na ce injin ya tashi, amma man ya yi fari kamar kindirmo, alamar ruwa ya shiga. Bakanike ya kaɗa kai ya ce ai ya faɗa, injin da ya shekara da shekaru a gindin itace ba abin yarda ba ne, a sa na gas mai ƙafa uku kawai, shi da ma aikin walda ya fi masa. Kawu bai dubi kowa ba sai ni.

Ya ce, "Ka aza sanda?"

Na ce, "Na aza, Kawu."

"Mi kaj ji?"

"Ƙwanƙwasa, can ƙasa."

Ya daɗe yana kallona. Ni kuma na kafa ido a kan saƙar tabarma ina ƙirga zare. Kalma ɗaya ta ishe shi, ya ce zai je ya ji da kansa, ko ya ce ƙarya nake yi. Amma wanda zai je Shagari sai ya hau motar kasuwa, wanda kuma zai ƙaryata ni sai ya faɗi dalilin da zai sa in yi masa ƙarya. Alhaji, wanda duk rayuwarsa a kujerar baya yake zama, ya yi dariya ya ce shi sai yau ya san mota na da ƙafafu, biyu ko uku duk ɗaya ne wurinsa. Sannan ya juya.

"Direba, akwai abin da ka hana a sa na gas ɗin?"

Kawu ya ce, "Babu, ranka shi daɗe."

Mako uku aka yi ana aikin. Aka yanke kujerun inji aka sake wasu, aka ƙara ganyen sifirin a gaba saboda sabon injin ya fi nauyi, aka rage tsawon farfela, sandar ƙarfen da ke juya tayoyin baya, aka huda ƙasan motar, wurin da nake shimfiɗa darduma in share kullum. Da aka zo dasa kuloci bakanike ya taka ya ce ya yi tauri, na motar kaya ne, bari ya sassauta shi. Na ce masa ya bar shi haka, mota mai nauyi ce, kada ya riƙa sulɓewa. Wannan ba wanda ya tambaye ni, ni na kai kaina. A makonnin nan kuwa kowace safiya ina ɗakin Kawu ina murza ƙafa. Ya sa an kawo masa buhun gero rabi ya jingine a bango, yana zaune a bakin gado yana tokarinsa da ƙafar hagu, gumi na zuba, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke. Ya sha sassaƙe, ya sha rubutu, wanzami ya yi masa ƙaho. Bai taɓa ɗaga mini maganar Shagari ba. Wata safiya ya tokari tafin hannuna ya tambaye ni ko na ji ta ƙara ƙarfi. Ƙarfin bai kai na yaron goye ba. Na ce masa ta ƙara sosai.

Ranar da aka gama ta zo daidai da wani ɗaurin aure da Alhaji zai je a Shagari. Unguwa ta taru a ga tashin Hajiya Babba daga matattu. Kawu ya riga kowa shiga kamar kullum, da farar riga da jar dara. Alhaji da abokansa biyu suka zauna a baya, na rufe musu ƙofa na tsaya gefe. Ya murza makulli, injin ya kama da wani kwaramniya kamar injin niƙa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe masu tsaye a baya, aka yi shewa. Sai ya taka kuloci. Daga inda nake ina ganin gwiwarsa tana rawa ƙarƙashin riga. Ya tura sandar giya ta yi ƙara ƙurrr ta ƙi shiga. Ya sa hannun hagu ya danna gwiwar, giya ta shiga, ƙafar ta kuɓuce, motar ta yi tsalle ta mutu. Aka yi dariya. Ya sake, ta sake. Wani mahauci mai baƙin baki ya ce ai Hajiya ta yi sabuwar zuciya, ta ƙi tsohon miji, dariyar ta ƙaru har da masu riƙe ciki. Mutanen nan fa shekara da shekaru suna ɗaga masa hannu in ya wuce, ya kai matansu asibiti, ya kai gawarwakinsu. A karo na huɗu ya haɗa da totur, motar ta zabura ta kwashe ginshiƙin rumfar albasa, rumfar ta rufto a kan bonet, hular Alhaji ta faɗo tsakanin ƙafafunsa.

Alhaji ya ɗauki hularsa ya kaɗe, bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Direba, hito."

Ba ƙofar da zai dafa ya yi kamar yana duban taya, ido ya yi yawa. Ya zuro ƙafar dama, ya jawo ta hagu da hannu, ya miƙe, ƙafar da ta riga ta gama ƙarfinta a kan kuloci ta lanƙwashe, ya zube a ƙasa cikin ɓawon albasa. Rigar ta yaye, kowa ya ga ƙaurin nan da ya tsotse kamar sanda. Ni na fara isa wurinsa, na ɗaga shi, mutane suna cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ina ɗaga shi da hannu ɗaya, ɗayan yana zare makulli daga yatsunsa. Bai riƙe ba. Alhaji ya tambaye ni ko na iya, na ce na iya, ransa ya daɗe.

Na ja ta da baya daga cikin rumfar lami lafiya, na hau titi. Abin da ya fi komai muni shi ne wanda zan faɗa yanzu. Daɗi na ji. Tun daga Boɗinga har Shagari zuciyata fari ƙal, ina canza giya ina jin ƙafata ta hagu da ƙarfinta, ko sau ɗaya ban tuna an bar wani tsoho zaune a kan turmi ana yi masa fifita ba. Da muka shiga Shagari muka wuce ta gaban ɗorawar nan, na kau da kai na yi ham.

Kawu ya koma Horo Birni kafin watan ya ƙare. Alhaji ya aika masa da buhun dawa da turmin yadi, daga nan bai sake ambatonsa ba. Ni na zama Direba, sunan Mai-soso ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Motar kuwa ba ta sake zama Hajiya Babba ba sai a suna. Tana kakkarwa, tana wari, madubi ba ya tsayawa, matan gidan suka ce tana sa su amai. Ba a yi shekara biyu ba Alhaji ya sayi wata, aka cire wa tsohuwar kujerar baya aka riƙa loda mata albasa. Injin Shagari na ji an sayar wa masu awon ƙarfe, an farfasa shi da guduma. Kowace Sallah nakan je Horo Birni da goro da sabulu. In tarar da shi a gindin bango yana tufkar igiya, ƙafar a miƙe a gabansa, ba ya ɓoye ta kuma, ba sauran abin ɓoyo. Ya karɓi gaisuwata, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya. Bai taɓa tambayar mota ba. Mutanen ƙauyen suna cewa da kowane ɗa kamar ni yake da duniya ta zauna lafiya.

Shekara ta shida aka aiko cewa jikin ya yi tsanani. Na ɗauki mahaifiyata muka isa da hantsi. Ɗakin cike yake, ga liman, ga 'ya'yansa, ga maƙwabta, ga tsofaffin direbobi biyu da suka zo daga Sakkwato. Ya rame ƙwarai amma hankalinsa garau. Aka shiga neman gafara kamar yadda aka saba, kowa ya matso ya ce a yafe masa, shi kuma ya ce ya yafe duniya da lahira, shi ma a yafe masa. Ba wanda ya tambaya laifin me, ba a tambaya. Har mahaucin nan da ya yi masa ba'a ya aiko da saƙo, Kawu ya ce ya yafe. Na bari sai da kowa ya gama, na matsa na durƙusa daidai kansa, na kama hannunsa. Na yi shekara shida ina jiran wannan lokacin, domin na san a nan ba a hana kowa.

Na ce, "Kawu, ka yahe man."

Ya buɗe ido. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, ba mai ji sai wanda ya sunkuya, amma ba ta rawa.

Ya ce, "Mi kay yi man?"

Na ce, "Komi da komi, Kawu. Wanda nis sani da wanda ban sani ba."

Ya ce, "Wanda ba ka sani ba na yahe. Wanda kas sani, hwaɗi shi mutanen ga su ji, in yahe ma."

Ya jira. Wallahi ya jira ni, ya ba ni lokaci fiye da wanda aka ba shi a zauren Alhaji. Na ɗaga kai na ga mahaifiyata tana share hawaye da bakin mayafi, na ga liman, na ga direbobin nan da ke kira na abokin aiki, na ga 'ya'yansa da ke ce mini Yaya. Magana ce da ba ta wuce numfashi ɗaya ba, man ba fari ba ne, injin lafiyarsa lau. Na ji bakina yana cewa ba wani abu ba ne, Kawu, irin na yau da gobe ne.

Ya zare hannunsa daga nawa a hankali, ya juya fuska wajen bango. Bai sake magana da kowa ba sai kalmar shahada, kafin la'asar ya cika.

Da muka fito tsakar gida mahaifiyata ta kama kafaɗata. Ta ce ta ga yadda na daɗe a kansa muna magana ƙasa-ƙasa, ta san wasiyya ya bar mini, domin duk cikin 'ya'ya ba wanda ya riƙe shi kamar ni. Ta ce Allah shi ba ni masu yi mini abin da na yi masa. Liman da sauran mutane suka shafa.

Na ce amin.